Haƙoran cikin pon: abin da mai mota ya kamata ya sani kafin ya sayi pinyo da kuron

Duk wanda ya saba bin doguwar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta ratsa Dosso, Dogon Dutsi, Ƙwanni da Maraɗi har ta kai Damagaram, ya san wani irin kuka da kan taso daga ƙarƙashin mota ta baya. Yakan fara siriri kamar kukan sauro. In direba ya taka wuta sai ya ƙaru, in ya ɗaga ƙafa sai ya sauya murya ko ya ɗauke. Fasinja ba su kula da shi, amma mai motar da ya san abin da ake ciki, gabansa faɗuwa yake, domin ya san pon ne ke kuka, kuma kukan pon kuɗi yake kira.

Sau da yawa labarin iri ɗaya ne. An kai mota gareji, an buɗe pon, an tarar da haƙori biyu ko uku sun ɓalle. Mai mota ya tafi kasuwar kayan gyara, ya samo faifan da ya yi kama da nasa a farashi mai sauƙi, an ɗaura, an zuba mai, an kama hanya. Kafin wata ya ƙare kukan ya dawo, ya ma fi na da. In kamiyo ne ɗauke da albasar Galmi, kwana uku a bakin hanya cikin zafin bazara ya isa ya cinye riba da uwar kuɗi. In motar sarwis ce, ma'aikata su zauna babu zuwa rangadi, motar kuma ta hau duwatsu a bayan ofis tana jiran kasafin baɗi. Daga nan sai zargi: mai mota ya ce bakanike ne, bakanike ya ce kayan ne, mai kaya ya ce hanya ce. Alhali kuwa tushen maganar yana cikin siffar haƙoran su kansu, da lissafin da aka yanka su a kai. Shi za mu duba a wannan sati.

Ƙarfin da ke shan kwana

A kamiyo, da kat-kat, da yawancin motocin da ke tura kansu da ƙafafun baya, injin yana kwance ne a tsawon mota. Ƙarfinsa na bi ta akwatin giya, ya bi doguwar sandar nan da ake kira kardan, yana juyawa kamar yadda ake murza maburgi. Su kuwa ƙafafun mota, sandarsu a gicciye take. Ke nan dole a sami wurin da juyin zai sha kwana ta digiri 90, kuma a rage saurinsa a ƙara masa ƙarfi. Wannan aiki faifai biyu masu haƙora ke yin sa: ƙarami da ke bakin kardan, wanda kanikawanmu ke kira pinyo, da babba mai kama da kambi, wanda suke kira kuron.

Dabarar karkata juyi da haƙora tsohuwa ce ƙwarai. Wani magini na Rum mai suna Bitirubiyus ya bayyana injin niƙa na ruwa mai irin wannan haɗi tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Manoman bakin kogin Nilu a Masar da Sudan sun shafe ƙarnuka suna ban ruwa da sakiya, inda sa ke zagayawa yana juya faifan itace a kwance, turakunsa na tura turakun wani faifan a tsaye. Sai dai turakun itace da tafiyar sa ba su bukatar lissafi mai zurfi. Ƙarfe mai juyi dubu biyu ko uku a minti, ɗauke da lodin tan da yawa, shi ne ba ya yafe kuskure.

Mu ɗan yi lissafi. Tayar kat-kat na cin kimanin mita biyu da rabi a juyi ɗaya, wato juyi 400 a kilomita. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, ke nan kuron zai juya sau 360,000. In pinyo na da haƙori 9 kuron na da 37, kamar yadda ake samu a wasu motocin Toyota Land Cruiser, pinyo na juyawa sau 4.11 kafin kuron ya juya sau ɗaya. Saboda haka a tafiya guda kowane haƙorin pinyo zai ɗauki nauyin motar ya sauke kusan sau miliyan ɗaya da rabi. Ɗan kuskuren da ido ba ya gani, in aka maimaita shi sau miliyan, ya zama ɓarna.

Jinka biyu, ƙololuwa ɗaya

Faifai masu haƙora na cikin akwatin giya, waɗanda sandunansu ke jere da juna, tushensu ganga biyu ne masu mirgina a jikin juna. In sanduna suka gitta kuwa, ganga ba ta yi, sai siffar mazurari, ko mu ce jinkar ɗaki. Mai karatu ya ɗauki mazurari biyu ya kwantar da gefen ɗaya a kan na ɗayan. In bakunansu masu tsini suka haɗu a ɗigo ɗaya, za su mirgina a jikin juna lami lafiya, daga faffaɗan baki har tsini. In ya ja ɗaya baya ko ya tura shi gaba, wani sashe zai mirgina, wani ya riƙa gurzar ɗan'uwansa. Wannan ita ce dokar farko, kuma duk sauran magana daga gare ta ta fito: ƙololuwar jinka biyun dole su haɗu a wurin da sandunan biyu suka gitta.

Faɗin kowace jinka ba zaɓin maƙeri ba ne, yawan haƙora ke yanke shi. In faifan biyu haƙoransu daidai ne, kowace jinka ta karkata digiri 45 daga sandarta. In ɗaya na da 20 ɗaya na da 40, ƙaramin ya ɗauki kimanin digiri 26 da rabi, babban 63 da rabi. In 9 ne da 37, ƙaramin kusan digiri 14, babban kusan 76, ya baje kamar faifan tankaɗe. Kullum in aka haɗa su biyun sai su ba da 90. Abin da wannan ke nufi ga mai saye shi ne, pinyo mai haƙori 9 da aka yanka domin kuron mai 37 ba zai zauna da kuron mai 41 ba, ko da girman haƙoran ya yi kama, domin jinkarsa ta wancan ce. Kowane faifai an yanka shi ne da sanin abokin zamansa.

Haƙoran kuma suna bin jinka kamar yadda sandunan jinkar ɗaki ke bi: a ƙasa suna da tazara, suna hawa suna matsewa, dukansu sun nufi ƙololuwa. Shi ya sa haƙorin irin wannan faifai ke da kauri da tsawo a bakin waje, ya sirance a bakin ciki. Masu sana'ar na kiran bakin waje dunduniya, na ciki kuma ɗan yatsa, kamar ƙafar mutum. A dunduniya ake auna girman haƙori. Kuma ba a barin haƙori ya yi nisa zuwa ciki: ƙa'idar injiniyoyi ita ce kada tsawonsa ya wuce kimanin sulusin nisan da ke tsakanin bakin waje da ƙololuwa, domin abin da ya wuce nan ya yi ƙanƙanta, ba ya ɗaukar nauyi, sai dai ya karye.

Gefen haƙori ɗaya

In aka dubi haƙori ta bakinsa za a ga gefensa a kumbure yake kaɗan, ba a miƙe sak ba. Wannan lanƙwasa tana da asali. A naɗe zare a jikin gwangwani, a kama bakinsa a riƙa warwarewa yana a miƙe: layin da bakin zaren ya zana a iska shi ne siffar. Masanin lissafin nan ɗan Suwis, Leonhard Euler, ya yi nazarinta a ƙarni na 18. Amfaninta shi ne, tun daga sa'ad da haƙori ya taɓa ɗan'uwansa har ya rabu da shi, saurin juyi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In ba haka ba, faifan da ake turawa zai riƙa zabura yana lafawa a kowane haƙori, kuma wannan zabura ita kunne ke ji a matsayin kuka. Karkatar da haƙori ke tura ɗan'uwansa da ita, a yawancin faifan zamani, digiri 20 ce. Na da can sukan yi 14 da rabi. Haƙorin 20 da na 14 da rabi ba su zama tare.

A faifai mai jinka akwai ƙarin wuya, domin siffar ta gaskiya a kan ƙwallo take kwance, kuma ba a iya shimfiɗa bayan ƙwallo a takarda ba tare da ya yage ba. Wani injiniyan Ingila, Thomas Tredgold, wanda ya rasu a 1829, ya kawo hanyar da ake koyarwa har gobe a makarantun fasaha. Ya ce a ɗauki bakin haƙoran na waje tamkar na wani faifai na yau da kullum, wanda ya fi na gaskiya yawan haƙora, gwargwadon bajewar jinkar. Da wannan lissafi pinyo mai 9 tamkar mai 9 da ɗan ɗoriya ne, amma kuron mai 37 tamkar mai fiye da 150 ne. Shi ya sa in mai karatu ya duba zai ga haƙoran kuron gefensu kusan a miƙe, na pinyo kuwa a kumbure sosai. Bambancin da gangan ne.

Daga miƙaƙƙe zuwa lanƙwasasshe

Har tsakiyar ƙarni na 19 yawancin irin waɗannan faifai zuba su ake yi a ƙasa, a bi su da zarto. William Gleason, wanda aka haifa a Ailan ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya kafa masana'anta a birnin Rochester a 1865, kuma a 1874 ya ƙera injin da ke fere haƙoran faifai mai jinka. Bayan shekara goma Hugo Bilgram na birnin Filadelfiya ya fito da injin da wuƙarsa ke kwaikwayon haƙorin wani faifai na zato, ƙarfen da ake yanka yana mirginawa a jikinsa, siffar haƙorin ta fito da kanta. Ƴar Gleason mai suna Kate ita ta ɗauki tallar injunan gidansu har Turai, kuma ita ce mace ta farko da ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka ta karɓa a matsayin cikakkiyar mamba. Sunan gidan yana kan wannan sana'a har yau.

Haƙoran farko miƙaƙƙu ne, suna nuna ƙololuwa sak. Aibinsu shi ne haƙori na faɗawa kan ɗan'uwansa gaba ɗaya, lokaci guda, kamar a tafa hannu. A ƙaramin sauri babu damuwa, amma da motoci suka fara gudu sai ƙara ta yi yawa. A 1913 kamfanin motoci na Packard a Amurka ya fara sa haƙora lanƙwasassu kamar lauje a pon ɗinsa. Lanƙwasasshen haƙori na fara taɓa abokinsa daga baki ɗaya, taɓawar ta zarce a hankali zuwa ɗaya bakin, kuma kafin ya saki, na bayansa ya riga ya kama. Nauyi ya rabu a kan haƙori biyu ko fiye, ƙara ta ragu. Karkatar da aka fi ba su a tsakiyar haƙori ita ce digiri 35.

Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Haƙori mai karkata yana tura faifansa a tsawon sanda, kamar yadda kusa mai zare ke shiga katako. Masu ƙira sukan zaɓi hannun lanƙwasar yadda in mota na tafiya gaba, pinyo zai nemi fita daga kuron, rulma ta tare shi. In mota na ja da baya kuwa, ko tana gangara da giya, ɗaya gefen haƙorin ke aiki, turin kuma ya juya ya nemi cusa pinyo ciki. Nan ne dalilin da kukan pon ke sauya murya in direba ya ɗaga ƙafa: gefe biyu ne daban, kowane da lafiyarsa. Nan ne kuma dalilin da tsofaffin direbobi ba su son fizgo motar da ta kafe a rairayi da giyar baya.

Mataki na uku ya zo a shekarun 1920, daga aikin Ernest Wildhaber, injiniya ɗan Suwis da ke aiki a gidan Gleason. Ya saukar da pinyo ƴan santimitoci ƙasa da tsakiyar kuron, yadda sandunan biyu ba su ƙara haɗuwa a ɗigo ɗaya ba, ɗaya na wucewa ƙarƙashin ɗaya. Wannan shi ake kira ipoyid, kuma Packard ya sa shi a motocinsa a 1926. A nan jinka ta ɗan sauya ta koma siffa mai lanƙwasasshen ƙugu kamar turmi, amma dokar zama a wuri ɗaya tak tana nan, ta ma ƙara tsanani. Ribar ita ce pinyo ya ƙara kauri da ƙarfi, ƙara ta ƙara raguwa, kardan ya sauka ƙasa har aka sami damar saukar da daɓen mota. Farashin kuwa shi ne haƙoran na gurzar juna a tsawonsu, ban da mirginawa. Yawancin pon ɗin kat-kat, da bashe, da kamiyo masu yawa da ke bin hanyoyinmu yau, ipoyid ne.

Tsofaffin masu mota za su tuna cewa Peugeot ta daɗe tana bin wata hanya daban. Pon ɗin 403 da na 404 na farko ba pinyo da kuron ke ciki ba, kusa ce mai zare ke juya faifan tagulla, kuma tana da irin manta. Da 504 ta fito a 1968, wadda daga baya aka yi shekaru ana harhaɗa ta a Kaduna, sai ta zo da ipoyid. Ƙananan motocin yau masu jan gaba, irin na taksi, waɗanda injinsu ke a gicciye, ba su da wannan kwana sam, domin sandar injin da ta ƙafafu a jere suke.

Miƙaƙƙun haƙora ba su ɓace ba, suna nan a cikin cikin kuron. In mota mai faɗin mita ɗaya da rabi ta juya ta koma inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita biyar. Ƴan ƙananan faifai masu jinka, huɗu ko shida, su ke ba kowace taya damar juyawa da nata saurin. Bafaranshen nan Onésiphore Pecqueur ya yi rajistar wannan dabara a ƙarshen shekarun 1820, tun ba a san motar fetur ba. Haka kuma akwai faifai masu jinka a kan injin gurza ƙarfe na masu walda, da ƙasan injin jirgin ruwa na masuntan kogin Kwara da tafkin Cadi, da pon ɗin babura masu ƙafa uku na ɗaukar kaya.

Auren da ba a raba shi

A masana'anta, bayan an yanka haƙora, ana gasa ƙarfen cikin iska mai sinadarin gawayi, a tsoma shi a mai. Fatar haƙori, kaurin kimanin milimita ɗaya, ta yi tauri har zarto ba ya kama ta, cikinsa kuma ya zauna da ɗan laushi don kada ya tsage. Sai dai wuta na ɗan murɗa ƙarfe. Saboda haka a yawancin masana'antu sai a haɗa pinyo ɗaya da kuron ɗaya a kan inji, a zuba musu mai haɗe da garin dutse mai laushi, su goge juna har su saba. Daga nan sun zama mata da miji. Akan zana lamba ɗaya a kan su biyun, a saida su tare.

Yawan haƙoran ma da hikima aka zaɓe shi. Da pinyo na da 10 kuron na da 40, kowane haƙorin pinyo da haƙora huɗu kawai zai riƙa haɗuwa har abada, in ɗaya na da tabo sai ya ci waɗannan huɗun. Amma 9 da 37 babu lambar da ke raba su duka biyu, don haka kowane haƙorin pinyo sai ya gaisa da dukan haƙora 37 kafin ya komo kan na farko. Lalacewa ta rabu daidai. Haka 10 da 41, da 9 da 41, da 8 da 39.

Ban da haka, masana'antun duniya ba hanya ɗaya suke bi ba. A tsarin da aka san gidan Gleason da shi tun farko, zurfin haƙori na raguwa daga dunduniya zuwa ɗan yatsa, lanƙwasarsa kuma yankin da'ira ce. A tsarin Klingelnberg na Jamus da Oerlikon na Suwis, zurfin ɗaya ne daga baki zuwa baki, lanƙwasar ma wata ce daban. Faifai biyu na iya zama da yawan haƙora ɗaya, da faɗi ɗaya, ramukan kusoshi su dace, amma in tsarin yankansu ya bambanta ba za su taɓa zama lafiya ba. Wanda ya shiga Katako a Yamai ko Ƙofar Ruwa a Kano neman kuron shi kaɗai, don pinyonsa bai karye ba, ya sani yana neman ɗaura wa tsohon miji matar wani. Araha ba ta ado.

Haka maganar cika karyayyen haƙori da walda a gyara shi da dutsen gurza. Hannun ɗan Adam ba ya fitar da siffar da aka auna da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, zafin walda kuma na kashe taurin haƙoran da ke maƙwabtaka. Dabara ce ta fitar da mota daga daji zuwa gari, iyakarta ke nan.

Masu kat-kat kuma su ƙara kula da abu ɗaya: pon na gaba da na baya dole lissafinsu ya zama ɗaya. In na gaba 4.11 ne aka sa 4.56 a baya, a kowace mita 100 ƙafafun gaba na neman su wuce na baya da fiye da mita 10. A rairayi tayoyi su yi ta sulɓi, a ƙasa mai tauri kuwa wani ƙarfe ne zai biya bashin. A ƙirga haƙora kafin a biya kuɗi.

Shuni ba ya ƙarya

Ko an sayi ma'aurata na asali, sabbi fil, aiki bai ƙare ba, domin sai an zaunar da su yadda ƙololuwar jinkunansu za ta faɗa inda masana'anta ta nufa. Abu uku ake daidaitawa. Na farko zurfin pinyo, da ƴan siraran zobban ƙarfe da kanikawa ke kira kal, waɗanda bambancin kaurinsu bai kai na takarda ba. Na biyu ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, wanda ake samu ta matsar da kuron kusa ko nesa da pinyo. A ƙananan motoci da kat-kat yakan kasance tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na milimita, wato kaurin takarda ɗaya ko biyu. Na kamiyo ya fi haka. In ya yi kaɗan, ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura, mai ya rasa wurin shiga. In ya yi yawa, haƙora su riƙa dukan juna. Da agogon awo mai allura ake auna shi, kuma kowace mota da adadin da littafinta ya faɗa. Na uku ɗaurin rulma: a matse su daidai yadda pinyo ba zai yi motsi gaba ko baya ba, kuma ba su ƙone ba.

Shaidar aikin kuwa ido ke ganin ta. Bakanike ya shafa shuni na musamman, ko jan fenti marar bushewa, a haƙora uku ko huɗu na kuron, gefe biyu, ya juya pinyo da hannu yana ɗan riƙe kuron. Inda haƙora suka taɓa juna, shunin ya goge ya bar tambari. Tambari mai kyau dogo ne kamar ƙwai, a tsakiyar tsawon haƙori daga sama zuwa ƙasa, ya ɗan karkata wajen ɗan yatsa, kuma bai taɓa ko wane baki ba. Masu ƙira da gangan suka ɗan kumbura tsakiyar haƙori suka sassauta bakunansa, domin sun san in lodi ya hau, gidan pon da sanduna na ɗan lanƙwasawa, tambarin ya faɗaɗa ya matsa wajen dunduniya. An bar masa wurin tafiya ke nan. In tun a gareji tambarin na dunduniya, da an ɗora buhuna sai ya faɗa bakin haƙori, nauyin duka ya taru a gefen da bai fi tsinken ashana ba, ƙarfe ya fara ɓarewa. In tambarin ya nutse gindin haƙorin kuron, pinyo ya shige da yawa. In ya hau kan tsini, pinyo bai shiga sosai ba. Aikin na cin sa'o'i, domin sai an kwance an sauya kal an sake ɗaurawa, wani lokaci sau uku ko huɗu. Mai motar da ke tsaye a kan bakanike yana cewa a yi sauri kasuwa na jira, shi ma yana da hannu a abin da zai biyo baya.

Mai da lodi

Saboda gurzar da muka ambata, haƙoran ipoyid na matse man da ke tsakaninsu har ya tsere, ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Balbalin na pon an haɗa shi da sinadaran ƙibiritu da fosforas, waɗanda in zafi ya tashi suke yin wata fata a kan ƙarfe ta hana shi mannewa da ɗan'uwansa. Warinsa mai ƙarfi daga nan yake. Alamar da za a nema a jikin galan ita ce GL-5, da kauri irin 80W-90 ko 85W-140, bisa abin da littafin motar ya ce. Baƙin man inji, sabo ko tsoho, ba ya wannan aiki, kuma yana iya kashe sabon pinyo cikin tafiya ɗaya. A damina, motar da ta ratsa ƙorama da pon mai zafi na iya shaƙar ruwa ta ƴar ƙofar numfashinsa. In mai ya koma kamar kunu, a zubar da shi nan take. A lokacin ƙura kuma, in ƙofar ta toshe, mai ya fashe ta roba ya tsiyaye ba a sani ba.

Lodi fiye da ƙima shi ne ɗaya makashin. Ƴan kasuwa sukan ƙara ganyen sifirin su ce mota ta ƙara ƙarfi. Sifirin na iya ɗauka, amma babu wanda ya ƙara wa haƙori faɗi. Nauyin da ya wuce lissafin masu ƙira na lanƙwasa gidan pon fiye da abin da aka tanada, ya kori tambarin daga tsakiya zuwa baki, musamman a hawa ko a tashi daga rairayi da giya ta ɗaya. Ribar buhu ashirin na ƙari, in aka auna ta da kuɗin ma'aurata sabbi, da ladan gyara, da kwanakin zama, sau da yawa ba ta kai ba.

Ba a ce ɗan kasuwa ko shugaban sarwis ya zama bakanike ba. Amma wanda zai fitar da kuɗi, nasa ko na gwamnati, yana da haƙƙin tambaya huɗu. Pinyo da kuron tare suka zo, lambarsu ɗaya? Haƙora nawa da nawa, sun dace da na da? An auna wasan da agogo, nawa aka samu? Ina tambarin shuni, in gani da idona kafin a rufe? Bakaniken da ya san aikinsa zai ji daɗin waɗannan tambayoyi, domin sun nuna an san wahalarsa, kuma ya cancanci a biya shi ladan sa'o'in da ya ɓata. Ga ma'aikatan da ke sa hannu a takardun gyaran motocin hukuma, rubuta waɗannan huɗu a takardar karɓar aiki ba ya cin ko dala.

Hausawa na cewa tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Tsakanin haƙori da haƙori a cikin pon kuwa, saɓanin da bai kai kaurin takarda ba ya isa ya kwantar da kamiyo a tsakanin Tawa da Agadas. In an ji siririn kukan nan ya fara, a duba mai da rulma tun haƙora na da sauran lafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.